Mai Murza Farfela

Colonia Arrieta, Maris 1993

Ƙanwata Herminia,

Gajera, ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kuma iskar Río Gallegos ba ta sure ki ta jefa a teku ba tukuna. Yaya asibiti, yaya masu haihuwa? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini tsiya da safe. Safar da kika aiko tun Kirsimeti ta yi mini daidai, sai yau na sami bakin godiya. Kin san ni da rubutu.

Labarin gari bai taka kara ya karya ba. An fara girbin masara. Ubaldo ya sayar da gidan burodinsa ya koma Rosario wurin 'yarsa, wai ƙafafunsa sun gaji da tsayuwa. Tafiyarsa ta taɓa ni fiye da yadda na nuna masa, domin tun rasuwar matata Celina shi ke zuwa filin jirgi ranar Lahadi ya murza mini farfela, mu sha shayin mate a ƙoƙo ɗaya, ya yi ta zagin gwamnati har rana ta faɗi. Ƙungiyarmu ta masu jirgi, wadda a da ke cika rumfar ajiye jirage, yanzu saura sunanta a jikin allo. Daga ni sai tsuntsaye.

Har yau ba ki ga Calandria ba tun da na gama gyaranta. In kin gan ta ba za ki yarda ita ce jirgin da Baba ya rasu ya bari kaji na yin ƙwai a ciki ba. Sabon yadi ruwan ɗorawa, ni da Celina muka ɗinke shi a fukafukan da hannunmu. Halinta dai yana nan yadda kika san shi: ba ta da makunni, sai wani ya zauna ciki ya taka birki, wani kuma ya tsaya a gabanta ya murza farfela da hannu. Mutane na zuwa daga garuruwan kusa don hawan baftisma, in zagaya da su ta kan coci da rafi da rumbunan hatsi, in sauko in ba su 'yar takardar shaidar cewa yau suka fara hawa sama. Makon jiya jikokin Doña Eulalia suka kawo ta, tsohuwar da ko tsani ba ta hawa. Na zaci za ta yi ta addu'a ne ido a rufe, sai ga shi muna kan unguwarsu ta juyo tana ihu: "Don Evaristo, yi ƙasa kaɗan mana! In ga ko malalaciyar surukar nan tawa ta kwashe shanya!" Na yi dariya har da hawaye, na sauko na rasa wanda zan ba labari. Shi ya sa ma na ɗauki biro.

Ga ainihin maganar. Idona na dama ya fara yana. A watan Nuwamba likitan matuƙa zai duba ni kafin a sabunta mini lasisi, kuma ni na san ba zan tsallake ba. Daga nan na gama tashi, Gajera. Saboda haka ki nemi hutu ki zo kafin lokacin. Ina bukatar mai murza farfela, kuma duk lardin nan ba a taɓa yin wanda ya kai ki iyawa ba, Baba ma ya sha faɗa.

Yayanki,
Evaristo

Río Gallegos, Afrilu 1993

Yaya Evaristo,

Takardarka ta iso, na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake sai da na ɗauko tabarau kafin in gane kansa. Ina lafiya. Sanyi ya fara, iska kuwa tana nan tana aikinta, shekaranjiya ta cire wa motar asibiti ƙofa. Gwiwarka ka riƙa gasa ta da ruwan zafi. Idon kuma ka daina yi masa taurin kai, ka je a duba shi.

Na yi dariyar Doña Eulalia sosai. Da a nan ka tsaya da mun rabu lafiya.

Na karanta ƙarshen takardar na ajiye, na je na karɓi haihuwa, na dawo na sake karantawa ko zan ga wani abu daban. Ban gani ba. Rabona da gida tun jana'izar Celina, kuma duk tsawon lokacin nan ba ka taɓa rubuta mini "ki zo" ba sai da Ubaldo ya tafi ya bar gurbi. Wato mai burodi ya gaji, a kira Gajera.

Ka ce Baba ya sha yabona. Gaskiya ne, bari in tuna maka yadda yabon yake. Ban gama firamare ba ya koya mini tsayuwa a gaban farfela, ƙafa ɗaya a baya, yatsu a kan bakin katakon kawai, kada in damƙe. In ce, "A kashe?" ya ce, "A kashe." In juya ta a hankali ta sha mai. In ce, "Birki?" ya ce, "Na taka." In ce, "Kunna!" ya ce, "Na kunna!" in fizga in ja da baya. Sai in janye itacen da ke tare tayoyi, ku wuce ta gabana, kai a kujerar gaba kana ɗago mini hannu sai ka ce shugaban ƙasa. Kujera biyu ce, ɗaya ta Baba, ɗaya ta ɗansa da zai gaje shi. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Lahadi mai zuwa ke ce, Gajera." Lahadin ba ta zo ba har na tafi makarantar ungozoma.

Kai ba ka san irin shirun da filin nan ke yi bayan jirgi ya tashi ba, domin ba a taɓa barin ka a ƙasa ba. Ni na sani. Jikin turken jakar iska, mai nuna wa matuƙa inda iska ke kaɗawa, nake tsayawa, ina gadin butar mate kada ta huce kafin ku dawo.

Ban riƙe Baba a zuciya ba, Allah ya ba shi hutawa. Amma na doshi sittin, bayana na ciwo, ba zan kwana a mota don in zo in tsaya inda na tsaya ina yarinya ba. Ka nemi wani a gari, ai ba za a rasa mai ƙarfin hannu ba.

Ka kula da kanka, kuma ka riƙa cin abinci mai ruwa, ba gasasshen nama kullum ba.

Ƙanwarka,
Herminia

Colonia Arrieta, Mayu 1993

Herminia,

Na sami taki. Lafiyata lau, gwiwa ta yi sauƙi, na gode da shawara. Da fatan bayan naki ma ya lafa.

Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin kwana a mota ba. Na bi maganarki na nemi wani a gari. Wani direban tarakta ne, ƙato, ya damƙi farfela kamar zai ɗaga buhun masara, na sallame shi tun yatsunsa na cike. Daga nan na ga ashe ma ba na bukatar kowa. Na sayo igiya mai kauri, ina ɗaure wutsiyar Calandria a jikin turken jakar iska, turken naki. In zaunar da fasinja in ce ya ɗora hannuwansa a cinya kada ya taɓa komai, in kunna, in zagaya gaba in murza da kaina, in ta kama in zagayo baya in kwance igiya in faɗa ciki. Ba na tambayar kowa "Birki?" kuma ba mai amsa mini. Aiki na tafiya daidai.

Lahadin da ta wuce wani ango ya zo da amaryarsa daga wajen Junín. Shi ya fara hawa don ya nuna jarumta. Da ya ga ina ɗaure igiya sai ya leƙo, fuska duk gumi, ya ce, "Kaka, wai in igiyar nan ta tsinke fa, kana waje?" Na ce masa, "Sai ka gaishe mini da mutanen ƙasar Uruguay." Amaryar ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Kin ga ke nan muna cikin raha, ba mu rasa komai ba.

Game da abin da kika rubuta kan Baba da kujera, ni yaro ne lokacin, inda aka ce in zauna nan na zauna. Ban kira ki don ki cike gurbin Ubaldo ba, amma tunda haka kika ga damar karantawa, to shi ke nan. Ba zan sake damun ki da maganar ba.

Evaristo

Colonia Arrieta, Agusta 1993

Gajera,

Ina gaishe ki. Tun watan Mayu nake zuba ido ban ga amsarki ba. Mai kawo wasiƙu har ya daina tsayawa a ƙofata, daga kan keke yake girgiza mini kai ya wuce. In fushi kike yi, na ji, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne in san kina lafiya. An ce a rediyo dusar ƙanƙara ta yi yawa a wajenku bana.

Ni ina nan. Sanyi ya hana fasinja zuwa, ciyawar filin kan wayi gari fari fat. Duk da haka ina zuwa rumfa kullum, in goge Calandria, in duba mai, in zauna a kan akwatin kayan aiki in haɗa mate. Abin da ke ba ni haushi, har yanzu in na sha nawa na sake zubawa sai hannuna ya miƙa ƙoƙon gefe, babu mai karɓa. Kaɗaici ya ishe ni, Herminia. Ga shi na faɗa.

Waccan takardar cika baki na yi. Kwanakin baya na so in ɗumama inji, na ɗaure wutsiya, yatsuna sun sandare da sanyi, ashe ƙullin bai kama ba. Ina murzawa ta kama, sai na ga tana tahowa kaina. Na faɗi gefe, ta wuce ni ba kowa a ciki, ina bin ta da gudu da wannan gwiwar tawa ina kiran sunanta sai ka ce akuya ce ta tsinke. Allah ya taimake ni laka ta riƙe tayoyinta kafin shingen waya. Yadin fiffike ya ɗan yage, na ɗinke. Wuyan hannuna ya kumbura, shi ma ya saɓe. Na zauna a cikin lakar nan na daɗe, na ga cewa da farfelar ta same ni, sai Lahadi wani zai sani.

Yanzu ki saurara, tunda ban iya rubutu ba zan faɗe shi yadda ba za ki iya karanta shi a karkace ba. Ranar da muka sa wa kujerar gaba sabuwar fata, Celina ta shafa ta ta ce, "Wannan ta Herminia ce, duk wanda ya zauna kafin ita aro ya yi." Ni ma abin da ke raina ke nan, kunyar faɗa ce ta sa na fake da farfela. Mu biyu mun isa, Gajera. Ke ki zauna ciki ki taka birki, ni in murza, in zagayo in shiga bayanki, mu tashi. Ba wanda za a bari a ƙasa, domin babu sauran kowa. So nake in kai ki sama da hannuna kafin a karɓe mini lasisi, in nuna miki rufin gidanmu da itacen ɓauren Mama, in sauko in rubuta sunanki a takardar baftisma kamar kowa.

Nuwamba ta kusa. Ki zo.

Yayanki da bai iya magana ba,
Evaristo

Río Gallegos, Nuwamba 1993

Yayana,

Ina lafiya, ina lafiya, ka fara sanin wannan. Yaya hannun, yaya gwiwar? Wace irin wauta ce tsoho kamarka zai tsaya gaban farfela shi kaɗai da igiyar ɗaurin akuya? Da ina kusa da sai na fasa maka ƙoƙon mate a ka.

Ba fushi ne ya hana ni amsa ba, ko kuma in ce fushi ne ya fara, dusar ƙanƙara ta ƙarasa. Takardarka ta Mayu ta same ni ina haɗa kaya. Ungozomar wani ɗan asibitin ƙauye can gindin duwatsu ta karye a ƙafa, aka tura ni in riƙe mata. Na karanta "ba na bukatar kowa," na ce to madalla, na jefa ta a aljihun tebur na tafi ban ba ka adireshi ba. Na zaci 'yan makonni zan yi. Hanya ta rufe, matar ba ta warke da wuri ba, na ƙare hunturu a can tsakanin makiyayan tumaki da matansu. Shekaranjiya na dawo, na tura ƙofa, na ga takardarka ta Agusta a ƙasa, har ta yi ƙura.

A tsaye na karanta ta, jakata a kafaɗa. Da na zo kan maganar Celina sai na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a jana'izarta. Ni ma a can ƙauyen, in na gama aiki na koma ɗakina, ba abin da nake ji sai iska a jikin kwano. Na sha ɗaukar biro in rubuta maka, girman kai ya hana. Kai da ni duk jinin Baba ne, ba mu da abin zargin juna.

Jiya da sassafe na je wurin shugabar ma'aikatan jinya. Ta ce, "Herminia, yanzu kika dawo, biyu na hutu, ɗaya na jego, wa zan bar wa ɗakin haihuwa? Sai tsakiyar Disamba." Na ce, "Ranki ya daɗe, jirgi ne ke jira na." Ta ce, "Jarirai ma ba sa jira."

Saboda haka ka je ka roƙi likitan nan ya ɗaga ranar, ko da wata ɗaya ne. Ka ce masa ƙanwarka ce ke zuwa hawan baftisma, ta daɗe a layi. Kuma kada ka sake taɓa farfelar nan kai kaɗai.

Gajerarka,
Herminia

Colonia Arrieta, ƙarshen Nuwamba 1993

Gajera,

Na gode wa Allah da kike lafiya. Na karanta takardarki a bakin ƙofa, mai kawo wasiƙu na tsaye yana kallona, sai da na ce masa ya tafi abinsa ba mutuwa aka yi ba. Hannu ya warke sarai.

Sai dai takardar ta iso a makare. Na riga na je wurin likita tun farkon mako, kuma ko da ta zo da wuri ba abin da zai ɗaga, ranar ƙarewar lasisi a rubuce take. Mutumin kirki ne, tun yana saurayi yake duba ni. Ya rufe mini idon hagu ya ce in karanta allo, na karanta masa daga ka domin na haddace shi shekara da shekaru. Ya yi murmushi ya juya allon, ya fito da wani sabo. Bayan ido kuma ya saurari ƙirjina ya daɗe, ya ce zuciyar na tsallake bugu, ko an cire yanar ba zai iya sa hannu ba. Ya raka ni har bakin titi yana cewa, "Don Evaristo, ka yi haƙuri." Na ce masa ai aikinsa ya yi.

Na dawo na tura Calandria cikin rumfa na lulluɓe mata inji. Ba zan tashi ba bisa ƙa'ida ba, ballantana da ke a ciki.

Don haka kada ki wahalar da bayanki a mota. Abin da na kira ki dominsa ya wuce. Ki yi hutunki a nan, ki huta da gaske.

Yayanki,
Evaristo

Río Gallegos, Disamba 1993

Yaya,

Ina gaishe ka, kuma na ji abin da likita ya ce. Za mu yi maganar zuciyar nan in na zo, ka tanadi takardun da ya ba ka. Na riga na sayi tikiti, ban kuma tambaye ka izini ba. Ka share ɗakina, ka kori gizo-gizo, ka sayo ganyen mate mai kyau ba irin ƙurar da kake sha ba.

Herminia

Colonia Arrieta, Janairu 1994

Gajera,

Da fatan kin isa lafiya kuma bayanki bai ƙara rikicewa a hanya ba. Ina shan maganin kamar yadda kika jera mini shi a kan tebur. Gidan ya yi mini girma tun da kika tafi. Kin manta tsefenki a kan taga, na bar shi a wurin.

Akwai maganar da muka yi ta kewayewa har kika hau mota, mun yi hirar kowa da komai ban da ita. Tunda a takarda muka fi iya faɗa, bari in faɗa a nan.

Da na ji kina tafe, na rasa abin da zan ba ki, shi ne na je garin maƙwabta na roƙi Nilda Ferreyra, mai feshin gonaki da jirgi, ta zo ta tuƙa ki. Na ɓoye miki don kada ki ƙi. Kin ga yadda kika yi da kika gan ta a filin, kika ce, "Wannan yarinyar ce za ta kai ni? Ta yi karin kumallo kuwa?" ita kuma ta ce, "Doña Herminia, na fesa gonaki tun kafin ki tashi barci." Na ji daɗi da na ɗaura miki bel a kujerar gaba. Na ji daɗi da na tsaya a gaba na ce "A kashe?" kika riga Nilda amsawa. Bugu ɗaya ta kama, kin dai gani.

Sai kuka wuce ta gabana, kuka tashi, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Na juya in yi magana, ba kowa. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni jikin turken ba, ga buta a ƙasa kusa da ni. Kin rubuta mini cewa ban san shirun filin nan ba. Na ji shi ranar, Herminia. Har motsin jakar iska a saman kaina ina ji. Na yi ta tunanin 'yar yarinya da gajeren siket a wurin nan, kowace Lahadi, ni kuma ina can sama ina ɗaga hannu.

Amma ko rafi ba ku kai ba na ga kun juyo. Kika sauko ido jawur, kika karɓi takardar baftisma kika sa a jaka ba ki ko duba ba, kika ce mu je gida rana ta yi zafi. Na tambayi Nilda a gefe, ta ce ke kika taɓa mata gwiwa kika nuna ƙasa, ba ta san dalili ba. Na san dalilin ai. Ko tsoro ne ya kama ki, wanda ba abin kunya ba ne, ko kuma abin ya zo a makare kuma ba da wanda ya kamata ba. Na yi miki alkawarin zan kai ki da hannuna, na ƙare da haɗa ki da baƙuwa. Ki yi haƙuri. Ko rufin gidanmu ba ki gani ba.

Nilda ta ce ƙungiyarsu na da wuri a rumfa, in na yarda za su ɗauki Calandria su riƙa hawan baftisma da ita a can. Ina ganin zan yarda. A nan ba mai tuƙa ta, kuma ni na gaji da zuwa filin nan ni kaɗai.

Yayanki,
Evaristo

Río Gallegos, Fabrairu 1994

Yaya Evaristo,

Na iso lafiya, baya ya yi ƙorafi ya gaji ya yi shiru. Ina fatan kana shan farar ƙwayar da safe ba da yamma ba, na san halinka. Tsefen ka bar shi inda yake.

Kai dai ba ka taɓa fahimtar abu daidai ba sai an tauna maka. Tsoro? Ni da na karɓi haihuwa a bayan motar tumaki cikin dusar ƙanƙara? Da tayoyin suka bar ƙasa, wani daɗi ya taso mini tun daga ciki har na yi ihu, ka tambayi Nilda. Ƙanshin mai da fata, iska na kaɗa yadi, gonaki sun shimfiɗu har ƙarshen gani. Ashe abin da kuke gani ke nan kai da Baba. Ban ga laifinku ba da kuka riƙa mantawa da butar mate.

Sai Nilda ta karkata don mu nufi gari, fiffike ya yi ƙasa, filin ya bayyana a gefena. Na ga rumfa, na ga turke, na ga wani ɗan tsoho a jikinsa da hula a hannu, ya ɗaga kai sama. Duk faɗin filin nan ba kowa sai shi. Daga sama ba ka kai ƙwayar masara ba, Yaya. Na nemi coci ban gani ba, na nemi rafi ban gani ba, idona ya ƙi barin wurin. Na san tsawon da lokaci ke yi a jikin turken nan, na san yadda wuya ke ƙagewa, na san yadda mutum ke kasa kunne ko zai ji inji na dawowa. Na jira hawan nan tun ina yarinya, amma na kasa zama a sama kai kana tsaye a can. Shi ya sa na taɓa mata gwiwa. Da na sauko kuma na kasa faɗa maka, don na san in na buɗe baki kuka zan yi a gaban baƙuwa.

Takardar baftisma tana nan, na sa ta a jikin madubi. Ka rubuta sunana a karkace, amma na yafe.

Yanzu ga abin da za a yi. Ka ce wa Nilda mun gode, Calandria ba ta zuwa ko'ina. In tana so ta riƙa zuwa ranar Lahadi ta tuƙa masu baftisma a nan filinmu, ita ma na ga jirgin ya shiga ranta. Na miƙa takardar ritaya, shugabarmu ta yi ta faɗa, na ce mata jarirai sun samu rabonsu. Sai an sami wadda za ta maye ni, wataƙila bayan girbi, wataƙila ya ɗan wuce haka. Ka daure zuwa lokacin. In na zo, wata Lahadin kai ka hau gaba ni in murza, wata Lahadin ni in hau in ga ɓauren Mama da na bari. In kuwa baƙo ne a kujerar, sai mu tsaya a jikin turken mu biyu, ka zuba mate ka miƙo.

Kafin nan, ka je filin gobe ka kwance igiyar nan daga turkena.

Gajerarka,
Herminia